Raini daban, kushe daban: yadda za ka zaɓi tsakanin belittle, disparage, denigrate da 'yan'uwansu

A ajin yamma da nake koyar da masu shirin jarrabawar WAEC, wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini wannan jimla a cikin insha'inta: *My uncle always depreciates me in front of visitors.* Na gane abin da ke ranta sarai. Kawunta ne ke dizga ta a gaban baƙi, abin kuma yana yi mata ciwo. Ta buɗe ƙamus, ta nemi kalmar da ke nufin rage daraja, ta ɗauki wadda ta fara gani. Sai dai Baturen yau idan ya ji *depreciate*, tsohuwar mota ce ke faɗo masa a rai, ko kuɗin ƙasa da ya karye. Ciwon da yarinyar ta so mai karatu ya ji, kalmar ba ta ɗauko shi ba.

Ba laifinta ba ne. Ƙananan ƙamusoshi sukan jera waɗannan kalmomi a layi ɗaya kamar duk kanwar ja ce. Alhali mu Hausawa mun fi kowa sanin cewa raini ba kushe ba ne, kushe ba ɓata suna ba ne, ɓata suna kuma ba wulaƙanci ba ne. Wannan sanin da ke kunnenka tun kana yaro shi ne jarinka. Da shi za mu yi aiki.

Mataki na farko: faɗi maganar da Hausa kafin ka nemi Turancinta

Kafin ka taɓa ƙamus, tambayi kanka: mene ne aka rage? Girman abu ne aka mayar ƙarami? Ingancinsa aka soka? Sunan mutum aka shafa wa kashin kaji? Mutuncinsa aka zubar? Ko kuwa farashi ne kawai ya sauka? Idan ka amsa da Hausa, za ka ji bakinka ya zaɓi kalma da kansa: ya raina, ya kushe, ya ɓata, ya wulaƙanta, ya karye. Riƙe wannan kalmar, don kowace tana da abokiyar tafiyarta a Turanci. Ba su zama daidai wa daida ba, amma sun yi kusa ƙwarai, kusancin da zai hana ka ɓata hanya.

Mataki na biyu: idan ƙanƙantawa ce, ɗauki *belittle*

Ma'anar tana cikin jikin kalmar. *Little* ƙarami ne, *belittle* kuwa mayar da abu ƙarami. Ka yi aikin da ka sha wuya a kansa, wani ya dube shi ya ce, "Wannan ɗin? Ai ko yaro ma ya yi." Bai ce aikin ya lalace ba, bai ce kai mugu ne ba. Cewa ya yi bai kai ya kawo ba. *He belittled my effort.*

Kalmar tana da tarihi mai daɗi. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, shi ne aka fara ganinta a rubutunsa, cikin littafin da ya yi a kan jihar Virginia a farkon shekarun 1780. Yana mayar da martani ne ga Buffon, wani masanin halittu Bafaranshe, wanda ya yi iƙirarin cewa dabbobin nahiyar Amurka sun fi na Turai ƙanƙanta da rauni. Jefferson ya ji zafin maganar har sai da ya sa aka kai wa Buffon ƙasusuwa da fatar wata ƙatuwar dabba mai ƙaho ta dazuzzukan sanyi, don ya gani da idonsa. A wancan lokacin kalmar tana nufin rage girman jiki na zahiri. Wata mujallar Landan ta yi wa kalmar ba'a a 1787, tana ganin ƙirƙirar Amurkawa ce marar kan gado. Yau ga ta a bakin kowa, har da Turawan Ingila.

Abin lura shi ne *belittle* ta fi zama a inda akwai na sama da na ƙasa, ko wanda yake ji shi ne a sama: maigida da yaronsa, malami da ɗalibi, miji da mata, uwar miji da suruka. Kuma tana taɓa zuciya. Wanda aka yi wa *belittling* yana tashi daga wurin yana jin kansa ƙarami. Wannan ita ce kalmar da ɗalibata take nema.

Mataki na uku: idan kushe ne, ɗauki *disparage*

Ka tsaya a Kantin Kwari ka kalli mai sayen atamfa da ya ƙware. Zai ɗaga turmin, ya murza gefensa da yatsu biyu, ya yatsine fuska, ya ce, "Wannan ai zuba za ta yi tun wankin farko. Ta shagon can ta fi ta kauri." Wannan shi ne *disparage* tsantsa. Magana ce ake furtawa, ana sukar ingancin abu, sau da yawa ta hanyar gwada shi da wani abin da aka ce ya fi shi.

Wannan gwadawar tana cikin asalin kalmar. Ta fito ne daga tsohon Faransanci, inda *parage* ke nufin matsayi ko asali, wato tsara. A Ingila ta da, *disparage* na nufin a aurar da ɗan babban gida ga wadda ba tsararsa ba. Har cikin Magna Carta, yarjejeniyar da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita a 1215, akwai sharaɗin cewa a aurar da magada ba tare da *disparagement* ba. Wanda ya karanta babin aure a fiƙihu zai tuna da batun kufu, wato dacewar matsayi tsakanin ma'aurata. Daga "an haɗa shi da wanda bai kai shi ba" ma'anar ta gangaro zuwa "an yi maganarsa kamar bai kai ba".

To mene ne bambancinta da *belittle*? Ga yadda nake rarrabewa. *Belittle* na cewa abin kaɗan ne. *Disparage* na cewa abin ba shi da kyau. Ɗan kasuwa zai iya *disparage* kayan abokin gasarsa, amma in ka ce ya yi *belittle* ɗin kayan, kunne zai ji wani banbaraƙwai. Sannan *disparage* ta fi sanya riga da wando na ofis: a jarida, a kotu, a takardar aiki ake yawan ganinta. Wasu kamfanoni ma kan sa wa ma'aikaci sharaɗin da suke kira *non-disparagement clause*, wato ko bayan ya bar aiki ba zai fita yana kushe kamfanin ba. Idan ka ga wannan a takardar da za ka sa wa hannu, ka karanta a hankali.

Siffar da aka fi amfani da ita ita ce *disparaging*, kamar a *disparaging remarks*, kalaman kushe. Wajen furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu: dis-PA-rij.

Mataki na huɗu: idan suna aka nufa, ɗauki *denigrate*

Nan abin ya ƙara nauyi. Tushenta Latin ne, *niger*, baƙi, don haka *denigrare* shi ne baƙanta abu. Mu ma haka muke cewa: an shafa masa baƙin fenti. Mai *denigrating* ba ra'ayi kawai yake bayarwa ba, so yake mutane su daina ganin ka da ƙima, kuma kalmar da kanta tana nuna cewa abin da yake yi zalunci ne. Za ka iya *disparage* wani abinci don gaskiya ba ya da daɗi. Amma idan ka rubuta cewa wani ya yi *denigrate*, ka riga ka yanke masa hukunci cewa bai yi adalci ba.

Shi ya sa ta fi dacewa da manyan abubuwa: al'umma, addini, harshe, sana'a, tarihin mutane. *The article denigrates an entire ethnic group.* Wanda ya ce Hausa ba harshen ilimi ba ce, ba za a iya koyar da kimiyya da ita ba, *denigrate* ya yi.

Kada ka haɗa ta da *defame*, *slander* da *libel*. Waɗannan na shari'a ne, suna buƙatar a ce an yi ƙarya takamaimai wadda ta cutar da sunan mutum: *slander* da baki, *libel* a rubuce. Ana iya *denigrating* mutum ba tare da an ƙaga masa ko ƙarya ɗaya da kotu za ta kama ba, da yanayin magana kawai da zaɓen abin da za a faɗa.

Mataki na biyar: idan mutunci ne ya zube, *demean* ko *degrade*

Kalmomi ukun da suka gabata duk da baki ake yin su. Waɗannan biyun kuwa har da aiki. A sa dattijo tsallen kwaɗo a bakin titi, ba a ce masa komai ba, amma an wulaƙanta shi. *Demean* ita ce zubar da girma, kuma mutum kan yi wa kansa: *I will not demean myself by replying*, ba zan zubar da girmana in tanka masa ba. *Demeaning work* aiki ne na ƙasƙanci.

*Degrade* ta fi ta tsanani. *Gradus* a Latin mataki ne, kamar na tsani, don haka ma'anar ita ce a sauko da mutum ƙasa da matakin da ya dace da ɗan Adam. Ita ce kalmar da dokoki suka zaɓa. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana azabtarwa da *inhuman or degrading treatment*, haka ma sashe na 5 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948. Tozartawa ke nan.

Tana kuma da wata fuska da ba ruwanta da mutunci: gona kan yi *degrade* idan ƙasarta ta gaji, batirin waya ma haka. *Demean* ba ta shiga nan ko kaɗan.

Mataki na shida: raba tagwayen nan, *depreciate* da *deprecate*

A nan ne na fi ganin mutane suna tuntuɓe, har da waɗanda suka yi nisa a boko, don harafi ɗaya ne tak ya raba su a rubuce. Asalinsu kuwa ko kusa ba ɗaya ba ne.

*Depreciate* daga *pretium* take, farashi. Ka sayi Keke Napep yau, baɗi ba za ka sayar da shi a kuɗin da ka saya ba: *it has depreciated*. Akantoci suna da lissafinsa. Injin markaɗe na naira 1,000,000 da ake sa ran zai yi shekara biyar, sai a riƙa cire naira 200,000 daga darajarsa a littafi kowace shekara, a kira wannan *depreciation*. Lura cewa yawanci abin da kansa ne ke yi, ba wani ke yi masa ba. Gaskiya ne a tsofaffin littattafai za ka tarar da ita da ma'anar kushe mutum, kuma manyan ƙamusoshi suna kawo wannan ma'anar har yanzu. Amma ni shawarata ka bar wa kaya da kuɗi ita.

Tana da maƙwabciya, *devalue*, kuma masu fassara labarai ya kamata su riƙe bambancin. Idan kuɗi ya karye da kansa a kasuwa, a hannun 'yan canji, *depreciate* ya yi. Idan hukuma ce ta zauna ta karya shi da gangan, *devalue* ta yi. Mutanen Nijar da suka manyanta ba za su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Wannan *devaluation* ne, don yanke shawara aka yi. Da Hausa ma bambancin a fili yake: "ya karye" da "an karya shi". *Devalue* kuma tana fita daga batun kuɗi cikin sauƙi, kamar a ce satar amsa tana *devalue* takardar shaidar karatu.

*Deprecate* kuwa daga *precari* take, roƙo ko addu'a. Asalinta shi ne roƙon a kawar da wani sharri, irin abin da muke nufi da "Allah ya kiyaye". Daga nan ta zama nuna rashin amincewa da abu cikin nutsuwa: *We deprecate the use of violence.* Ba rage darajar abin ake yi ba, cewa ake ba a so a yi shi. Turanci ne mai nauyi, ba kasafai za ka ji shi a hira ba.

Wurare biyu ne za ka fi cin karo da ita. Na farko *self-deprecating*, mutumin da ke ƙanƙan da kansa, sau da yawa cikin raha, kamar malamin da za a yaba wa karatunsa ya ce, "Mu ai almajirai ne." Tun asali *self-depreciating* ake cewa, amma ɗayar ta ture ta, yanzu ita ce a bakin mutane. Na biyu a harkar kwamfuta: idan masu rubuta manhaja suka ce wani abu *deprecated* ne, suna nufin yana aiki har yanzu amma an daina ba da shawarar amfani da shi, kuma wata rana za a cire shi.

Furuci ma zai taimake ka: DEP-ri-ket, nauyi a farko, da di-PRI-shi-yet, nauyi a gaɓa ta biyu.

Mataki na bakwai: kada ka fassara *decry* da raini

Jaridun Najeriya na Turanci suna son wannan kalma a kanun labarai: *Residents decry poor state of roads*, *Traders decry multiple taxation*. Na sha jin an juya irin wannan zuwa "sun raina", kuma kuskure ne babba, don ya kifar da maganar. Mai *decrying* bai ɗauki abin da wasa ba. Ya ɗauke shi da girma har ya fito fili yana ɗaga murya a kansa. Hausarta ita ce "sun koka", "sun yi tir", "sun yi Allah wadai". Abin da ya sa ƙamus ke jera ta da sauran shi ne asalinta: a Faransa ta da, *décrier* na nufin a yi shela cewa wani tsabar kuɗi ya daina aiki ko an rage masa daraja. Shelar ce ta rage a cikin kalmar. Ba a *decrying* a ɓoye ko a zuci.

Mataki na takwas: na zuci da na siyasa

Akwai rainin da ba a furta shi, kuskuren lissafi ne kawai. *Underestimate* ita ce ka auna ƙarfin abu ƙasa da yadda yake, irin wanda Hausawa suka yi wa gargaɗi da cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙungiyar ƙwallo da ta *underestimate* abokiyar karawarta ba ta zage ta ba, shiri ne ba ta yi ba. *Underrate* da *undervalue* suna kusa: ba a ba abu yabon da ya cancanta ko ladan da ya cancanta ba. Malaman firamare da unguwarzoma *undervalued* ne, ko da kuwa ba wanda ya taɓa faɗa musu baƙar magana.

Sai kuma rage wa magana nauyi da gangan. *Downplay* da *play down* aikin kakakin hukuma ne bayan an yi ɓarna: abin bai kai yadda ake faɗa ba, komai na tafiya daidai. *Minimize* ma tana yin wannan aikin, ko da yake ma'anarta ta yau da kullum ita ce rage abu iya yadda zai ragu, kamar *minimize costs*. *Trivialize* ta fi su ciwo, don ita ce a mayar da babban al'amari abin wasa. Mace ta kai ƙarar dukan da ake yi mata, a ce mata "ai zaman aure ya gaji haka": an yi *trivializing* ɗin kukanta.

Ƙaramar ƙa'ida guda kafin mu wuce: *detract* ba ta tafiya sai da *from*, kuma yawanci abu ne ke yi, ba mutum ba. *The torn cover does not detract from the value of the book.* Yagewar bango ba ta rage wa littafin komai ba.

Mataki na tara: gwada kanka da jimloli na gaske

Haddar jeri ba ta zama a kai. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su ɗauki jaridar Turanci ta mako guda, duk inda suka ga ɗaya daga cikin kalmomin nan su kwafe jimlar gaba ɗaya, su rubuta Hausarta a ƙasa, sannan su cire kalmar su sa 'yar'uwarta su ji abin da ya canza. A wannan musanyar ne kunne ke buɗewa. Fara da waɗannan biyar, ka rufe amsar da hannu kafin ka duba.

Wani ɗan takara ya ce duk mutanen wani yanki ɓarayi ne. Suna aka nufa, na jama'a guda, kuma da zalunci: *denigrate*.

Tela ya ce ɗinkin telan da ke kusa da shi ba ya ƙarko. Sukar inganci ce tsakanin tsara: *disparage*.

An tuɓe wa wanda ake zargi riga a kasuwa ana zagayawa da shi. Aiki ne, kuma ya taɓa mutuntaka: *degrade*. In ka ce *demean* ba ka yi kuskure ba, amma ka rage wa abin nauyi.

Manoma sun taru sun yi magana da 'yan jarida a kan tsadar taki: *decry*.

Kwamishina ya ce ambaliyar da ta ci gidaje "ɗan ruwa ne ya taru": *downplay*. Idan har da dariya ya faɗa, *trivialize*.

Wani lokaci biyu za su dace, kuma ba laifi. Uban da ya ce wa ɗansa sakamakon jarrabawarsa ba komai ba ne, *belittle* ya yi. Idan ya ƙara da cewa na ɗan maƙwabci ya fi, ya shiga *disparage*. Idan ya yi hakan a gaban abokan yaron don ya kunyata shi, *demean* ta shigo. Zaɓinka ya danganta da ɓangaren da kake so mai karatu ya gani.

Ita ɗalibar tawa, da muka bi matakan nan tare, na tambaye ta me kawun nata yake cewa daidai. Ta ce duk sanda aka yi baƙi aka tambayi karatunta, sai ya ce, "Wannan? Bar ta kawai, zuwa take yi." Na ce to me ya rage miki, farashi ko girma? Ta karɓi biro ta soke *depreciates*, ta rubuta *belittles* a samansa.